Tseren Kart: A Fara da Ta Haya

Wanda ya ga motar kart zai ɗauka abin wasan yara ce: ƙarfe shimfiɗe dab da ƙasa, kujera ɗaya, totur a ƙafar dama, birki a hagu, ba rufi. Amma a kanta Lewis Hamilton ya fara tsere yana ɗan shekara 8, da wata ta hannu da mahaifinsa ya saya masa, kafin ya ci kambin gasar tseren motoci ta Formula 1 sau 7. Ayrton Senna, direban tsere na Brazil, kuwa injin yankan ciyawa aka ɗaura wa tasa ta farko.

Tun da Art Ingels ya ƙera kart ta farko a Kalifoniya a 1956, darasinta ɗaya ne: wanda ya iya shan kwana shi ke cin tsere, ba mai taka totur da ƙarfi ba.

Matsalar dai kuɗi ce. Taya na cinyewa, inji na son gyara, har mahaifin Hamilton sai da ya haɗa ayyuka da yawa. Saboda haka sabon shiga ya fara da ta haya a filin tsere, ya sa hular kwano, ya goge tukuna kafin ya sayi tasa.