Zauren Iyali: Ruwan Alwala da Ruwan Sha



A shekarar 2010 ambaliya ta shafi gundumomi 55 daga cikin 77 na ƙasarmu Benin, ta taɓa mutane wajen 680,000, kuma a wannan damina aka ƙirga fiye da mutum 800 da suka kamu da kwalara. Mu a Djougou ba mu bakin babban kogi kamar mutanen Malanville da Karimama, don haka muke ganin abin bai shafe mu ba. Alhali kuwa ruwan sama na dare ɗaya ya isa ya cika masai ya tumbatsa, ƙazantar ta bi ƙasa ta sadu da rijiyar gida, musamman inda aka haƙa su kusa da juna saboda ƙuncin fili.

A nan ne wasunmu ke ruɗewa. Mun karanta a Ishmawi cewa ruwan da najasa ba ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ba, ana alwala da shi. Haka ne, amma hukuncin tsarki ne wannan, malamai ba su ce a ɗura wa jariri ba. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa sauya launi ko ɗanɗano. Ruwa yana iya zama garau yana ɗauke da su. Saboda haka bayan ruwa ya malala a unguwa, a tafasa na sha, ko a jefa masa Aquatabs yadda takardarsa ta bayyana, a jira minti 30. Randa kuma a rufe ta, moɗa ɗaya tak ta riƙa shiga.

Idan gudawa ta zo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa, domin kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i. A dama Orasel, in babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, ana ba shi ana tafiya asibiti. Mai shayarwa kada ta janye nono.

Masassarar sauro kuwa sai bayan 'yan makonni take yawaita, lokacin da kududdufai suka ƙyanƙyashe, mutane kuma sun saki jiki. Gidan sauron da aka raba, wanda wasu suka mayar shingen lambu, a ciro shi a wanke, a ɗaura wa yara da masu juna biyu.