Ɗaki a Kulle, Gawa a Ciki

A shekarar 1933, lokacin da Rupert East ya shirya daga Zariya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, Ingila na cikin ganiyar wani nau'in ƙagaggen labari wanda bai sami gindin zama a Hausa ba. Wato labarin da za a iske an kashe mutum a ɗaki, ƙofa da sakata ta ciki, taga a rufe, mai kisan kuwa ko sama ko ƙasa. Edgar Allan Poe ne ya share fagen a 1841, John Dickson Carr ya kai shi ƙololuwa da The Hollow Man a 1935.

Akan ce rufaffiyar ƙofa ba ta ɗaure wa Bahaushe kai, domin yana da layar zana da baduhu, ga kuma aljanu. Lalle jigon Jiki Magayi na John Tafida a kan sammu ya dogara. Amma wannan hujja ta tsaya ne ga rabin magana. Ƙa'ida ta biyu cikin irin waɗannan labarai, kamar yadda Ronald Knox ya tsara a 1929, ita ce kada a warware ƙulli da tsafi. Gwanintar marubuci ita ce ya bar mai karatu ya sakankance aikin iskoki ne, sannan ya nuna masa zare, ko mabuɗi na biyu, ko shaidar da ya shara ƙarya. To, wa ya fi sauƙin faɗawa wannan tarko da wanda ya tashi da jin labarin baduhu?

Ga kuma muhalli a shirye. Gidan gargajiya hanyar shigarsa ɗaya ce: zaure, sai shigifa, katanga ta kewaye saura, baƙon namiji ba ya wucewa. Gidajen haya na Sabon Gari kuwa ɗakuna ne a jere, kowanne da kwaɗonsa, tsakar gida ɗaya, idon maƙwabta bisa kowace ƙofa. Carr sai da ya zubo dusar ƙanƙara don ya nuna ba a taka wuri ba. Marubucin Samaru ƙurar hunturu ta ishe shi, ko tsakar gidan da aka share da almuru.

Abin da ya rage shi ne malamai su daina kallon wannan nau'i a matsayin karatun hutu. Ɗalibin da ya iya fiɗar zubi da tsari a jarrabawa, a ba shi aikin rufe ɗaki cikin shafi goma, ya buɗe shi ba tare da kiran boka ba.