Tsohuwar Marsandi Ba Motar Kowa Ba Ce

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin matasanmu na Kausani masu rububin tsofaffin Marsandi 'yan Kwatano saboda araha. Ƙarkon da ake yaba wa Marsandi samfurin V-Boot gaskiya ne, amma waɗanda suka biyo bayanta cike suke da na'urorin lantarki. Ƙaramar matsala sai an jona kwamfuta, kuma ba kowane bakanike a Wudil ke da ita ba. Kayan gyara sai an je Ƙofar Ruwa, ga tsada. Ga shan mai, ga kuma tsadarsa tun da aka cire tallafin fetur a 2023. Don Allah, kafin ku biya, ku sa ƙwararren bakanike ya duba inji da giya, ku tantance takardun kwastan.

Naka,
Mai karatu daga Kausani, Wudil