Mai Hoto, Jarinka Amana

Samarin Gusau da Tsafe da Bungudu sun kama sana'ar hoto ta ƙashin kansu: hoton fasfo na maniyyata, da walimar sauka, da ɗaurin aure. Madalla da neman halali.

Amma akwai gyara. Waɗansu suna baza hotunan amare a Facebook domin talla, ba da izinin ma'abotansu ba. Wannan cin amana ne, balle a jihar da ta yi shelar Shari'a tun 1999.

Ya kai mai hoto, nemi izini kafin talla, yanke farashi kafin aiki, cika alkawari. Malamai su yi nasiha, attajirai su ba amintattu jari. Allah ya datar da mu, amin.