Ba Kowace Mura Ce Mura Ba

Ni ba likita ba ne, sana'ata nazarin harshe. Amma na daɗe da lura cewa cutar da ba ta da suna a bakin jama'a ita ce ke yi musu kisan mummuƙe. A wurinmu toshewar hanci da ciwon kai da nauyin fuska duk sunansu mura, kuma mai mura kemis yake nufa, ba asibiti ba.

Alhali kuwa akwai cutar da funfuna ke haddasawa, dangin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Kullum muna shaƙar ƙwayoyinta a iska ba tare da wata illa ba. Amma ga mai ciwon suga da bai kula da kansa ba, ko wanda garkuwar jikinsa ta raunana, takan kafu a ramukan ƙashin da ke kewaye da hanci, waɗanda siririn ƙashi ne kawai ya raba su da ido da ƙwaƙwalwa. Daga nan sai ta toshe hanyoyin jini, nama ya mutu ya yi baƙi, ido ya kumbura ya daina gani. In ta kai ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki, ko doguwar suma, ko ajali, cikin 'yan kwanaki.

A shekarar 2021, lokacin annobar korona, fiye da mutum 40,000 suka kamu da ita a Indiya, akasarinsu masu ciwon suga da aka ba magunguna irin su Dexamethasone. Da yawa sai da aka cire musu ido domin a ceci ransu. To, wannan magani dai shi ne ake sayarwa a garuruwanmu ba da takardar likita ba, har wasu na shan sa don su yi ƙiba, ba su san yana tayar da suga yana karya garkuwar jiki ba.

Don haka ina kira ga likitoci da masana Hausa da gidajen rediyo da su zauna su raɗa wa wannan cuta suna, su kuma bayyana alamominta: ciwon fuska ɓari guda, kumburin ido, gani biyu-biyu, da baƙin ɓawo a cikin hanci. Mai ciwon suga da ya ga ɗaya daga ciki ya garzaya asibiti a ranar, domin tiyata da allurar Amphotericin B sun fi amfani idan an fara da wuri. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.