Ra'ayinmu: Haƙurin Ajayi Crowther

Duk wanda ya bar gida ya zo neman abinci Ikko ko Badun ya saba jin kalmar nan "a yi haƙuri". Mai haya ya faɗa maka, uban gida ya faɗa maka, wanda ya cuce ka ma ya faɗa maka. Don haka yau muka ga ya dace mu duba abin da koyarwar Kirista ke nufi da wannan kalma, tun da yawancinmu muna zaune da maƙwabta Kirista, wasunmu kuma Kiristan ne.

A farkon Wasiƙar Yakubu cikin Littafi Mai Tsarki, an koyar cewa jarrabawar da ke sauka kan bangaskiyar mutum ita ce ke haifar masa da jimiri. Manzo Bulus ma ya kawo haka a sura ta 5 ta wasiƙarsa ga Romawa. Wato ba a haihuwar mutum da haƙuri, wahala ce ke ƙera shi. Labarin Ayuba kuwa ba sai mun maimaita ba, Musulmi da Kirista duk sun san shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Samuel Ajayi Crowther. A 1821 mahara suka kama shi yana yaro a garin Osogun na ƙasar Yarbawa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin fataken bayi. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi Saliyo. Bai sake ganin mahaifiyarsa ba sai a 1846 a Abeokuta. Ya yi karatu, ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki da Yarbanci, ya kafa mishan a Anaca da Lakwaja, a 1864 kuma aka naɗa shi bishop, baƙin mutum na farko a cocin Angilika.

To, jarrabawar da ta fi ɗaci ba daga masu cinikin bayi ta zo ba, daga 'yan'uwansa na coci ta zo. A 1890 wasu samarin Turawan mishan, sa'o'in jikokinsa, suka dakatar da limamansa baƙaƙe a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon bai yi zagi ba, bai kuma bar addininsa ba. Amma fa bai ce abin ya yi daidai ba: ya ajiye shugabancin kwamitin. Ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891, aka ba Bature kujerarsa.

Nan ne muke jan kunnen masu wa'azi da iyayen gida. Koyarwar nan ta'aziyya ce ga wanda ake zalunta, ba lasin ba ce ga azzalumi. Wanda ya hana lebura ladansa, sa'an nan ya ce masa Allah ne ke gwada shi, ya ɗora wa Littafi abin da bai faɗa ba, don ita Wasiƙar Yakubun ta tsine wa masu danne ladan ma'aikata a sura ta 5.

Dandeson ya gane haka. A 1892 ikilisiyoyin yankin Bonny suka tsaya da ƙafafunsu ƙarƙashinsa, suna biyan limamansu da kuɗinsu. Cocin Ingila kuwa sai a 2014 shugabanta, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadama kan abin da aka yi wa tsohon, shekara 123 bayan rasuwarsa.