A Buɗe Tagogi, a Ƙara Misa

'Yan'uwa Katolika na Kaduna da Kafanchan, Zariya da Jos, Kano da Sakkwato, ku ba ni aron hankalinku. Kirsimetin 2020 ya ƙarato, korona ta sake ɗago kai a ƙasar nan, mu kuwa mun saki jiki kamar an riga an yi jana'izarta. Ku leƙa coci ranar Lahadi. Takunkumi ya sauko haɓa, bokitin wanke hannu na bakin ƙofa ya bushe ƙamas, sabulu ya yi ɓatan dabo, benci kuma a cunkushe, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Har mun manta da Istan bana? Ranar 12 ga Afrilu a gida muka wuni, masu talabijin na kallon Misa daga nesa, marasa shi sun rungumi rediyo. Kafin nan, ranar 27 ga Maris, Fafaroma Francis ya yi addu'a cikin ruwan sama a dandalin St. Peter, filin nan da ke cika maƙil ya zama wayam. A Bergamo ta Italiya firistoci sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ba ya son a sake garƙame mana ƙofa, yanzu ne lokacin tashi tsaye.

Na san abin da wasu ke faɗa: "Ai gidan Allah ne, cuta ba ta shiga." Haba ɗan'uwa! Lokacin da Shaiɗan ya kai Yesu ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tunda mala'iku za su tare shi, Ubangiji bai diro ba. To mu su wa? Kuma Ikilisiya ba yau ta fara haɗuwa da annoba ba. A 1576, da annoba ta faɗa wa Milan, Waliyyi Charles Borromeo ya sa aka kafa bagadai a mararrabar tituna, mutane na bin Misa ta tagogin gidajensu, shi kuma yana zagayawa wajen marasa lafiya. Ko nan gida, lokacin Ebola a 2014, Babban Bishop na Legas, Alfred Adewale Martins, ya dakatar da musabaha a gaisuwar salama, ya ba da izinin karɓar Jikin Kristi a hannu. Bangaskiyar wa ta ragu?

Don haka, Fada, muna roƙo: a raba Misar Lahadi kashi-kashi, ko a fito da ita filin coci ƙarƙashin rumfa. Hunturu ne, mun sani, amma gara rigar sanyi da tagogi a rufe, domin cutar nan ta numfashi take yawo, kuma ɗaki mai cunkoso marar iska shi ne kasuwarta. 'Yan kwaya, ku kuka fi kowa fitar da numfashi. Ku ragu, ku ba juna tazara, muryarku za ta kai. A kwashe ruwan albarka daga kwanon da kowa ke tsoma yatsa. Gaisuwar salama a yi ta da rusunawa. Baiko a jefa a kwando wajen fita, a jinkirta layin rawar kai baiko zuwa wata shekara, ko da yake na san iyayenmu mata za su harare ni.

Baba da Mama, da masu ciwon suga ko hawan jini, zamanku a gida bana ba zunubi ba ne. Amma kada mu bar su kamar an yar da su: Fada da katikis su riƙa zagaya su da Tarayya Mai Tsarki, a wanke hannu, a rufe baki da hanci. Mai tari ko zazzaɓi ya nemi gwaji kafin ya nemi benci. Kai kuma mai ƙoshin lafiya da kake wuni a kasuwa, sai Lahadi ta zo ka tuna da korona, mun gane ka, sa takunkuminka ka taho.

Zumuntar Mata, kekunan ɗinki na hannunku, ku ɗinka takunkumi a ajiye wa wanda ya zo babu. Matasa, ƙofa taku ce: ruwa, sabulu, da tsara wurin zama. Kwamitin coci, ku zauna Lahadin nan da an tashi Misa, ku raba aikin daren Kirsimeti, kowa da sunansa da abin da zai riƙe.